'Yata ta nace sai ta je taron Anime North: me ake yi a can har kwana uku?

Baban_Iklima
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Akwai wata tambaya da na daɗe ina juya ta a raina, kuma na ga ya fi dacewa in kawo ta nan, tunda a cikinku akwai waɗanda suka riga ni zama a ƙasashen nan, akwai kuma matasan da suka fi mu sanin wannan harka. Shekararmu 6 ke nan a Mississauga, kusa da Toronto a ƙasar Kanada. 'Yata ta fari, mai shekara 14, ta kafe a kan lallai bana sai ta je wani taro da ake kira Anime North, wanda ake yi a ƙarshen watan Mayu a Toronto Congress Centre, kan titin Dixon, dab da filin jirgin sama na Pearson. Tun watan Janairu take tara kuɗin kashewarta, har ta jawo keken ɗinkin mahaifiyarta tana haɗa wata baƙar alkyabba mai jan baki, ta riga ta karya allura biyu.

Bara na bi ta wannan titi zan kai baƙo filin jirgi, sai na tarar da cunkoso, mutane suna ta tsallaka hanya, wani da koren gashi, wani riƙe da takobin da ya fi shi tsawo, wata da kunnuwan kyanwa a ka. Ban san abin da ke faruwa ba sai yanzu da yarinyar ta yi mini bayani. Tambayata ita ce: mene ne ainihin abin da ake yi a ciki har na kwana uku? Kasuwa ce kawai aka buɗe don a tatse aljihun yara, ko akwai wani abu da ya wuce haka? Kuma wuri ne da uba zai bar 'yarsa ta shiga da kwanciyar hankali?

Bakatsine_Calgary
Wa alaikumus salam. Malam, a ganina kasuwa ce, babu wani ɓoye-ɓoye. Ka biya kuɗin shiga, sannan ka shiga ka sake kashe wasu kuɗin a kan 'yan tsana da hotuna na katun ɗin 'yan Chana. Ni da ɗana ya zo mini da irin wannan magana, ce masa na yi duk abin da yake so ya kalla yana cikin wayarsa, ba sai ya biya kuɗi ya je ya tsaya a layi ba.

Sidi_Nagoya
Yaya Bakatsine, da girmamawa, akwai gyara. Ba na 'yan Chana ba ne, na Japan ne, kuma mutanen ƙasashen biyu ba sa son a haɗa su a wannan fage. Anime shi ne zane mai motsi na Japan, manga kuwa shi ne labarin zane da ake bugawa a takarda, wanda galibi daga gare shi ake ciro na talabijin. Wani abin da zai ba Bahaushe sha'awa shi ne, littafin manga daga dama ake buɗe shi a karanta zuwa hagu, kamar yadda muke buɗe littafin ajami, saboda haka wanda ya yi makarantar allo ba ya ruɗewa da shi yadda Bature ke ruɗewa a karon farko.

Game da tambayar Baban Iklima, ya kamata a fara da rarrabe tarukan nan gida biyu. Akwai waɗanda kamfanoni ke shiryawa don neman riba, akwai kuma waɗanda masoya abin da kansu suke shiryawa, babu mai ɗaukar albashi a cikin mafi yawansu. Anime North yana cikin kashi na biyu. An fara shi a 1997 a matsayin taron yini ɗaya, da mutane 'yan ɗaruruwa, kuma har yau 'yan sa kai ne ke tafiyar da shi, duk da cewa mahalarta sun haura 30,000. Suna kuma yin gwanjon sadaka, su ba da kuɗin ga asibitin yara na SickKids da ke Toronto. Wannan bai hana a ce akwai ciniki a ciki ba, akwai shi sosai, amma wanda ya kira shi kasuwa kawai ya ga rumfa ne bai ga mutanen da ke zaune a ƙarƙashinta ba.

Maman_Sadik
Ni dai abin da zan ce shi ne, kada ka hana ta kai tsaye, kuma kada ka bar ta ta tafi ita kaɗai. Yaran da suka tashi a nan, idan ka ce musu a'a ba tare da ka ga abin da idonka ba, sai su ɗauka tsoro ne kawai ya sa, daga nan kuma su daina gaya maka abin da ke ransu.

Zainabu_Etobicoke
Baba, bari in ba ka labari daga ciki, domin na yi aikin sa kai a wannan taro sau biyu lokacin ina jami'a, kuma gidanmu bai fi tafiyar minti 10 a bas daga wurin ba.

Wurin ya kasu ne kashi-kashi. Akwai babban zauren 'yan kasuwa, inda ake sayar da littattafai da 'yan tsana da riguna, wannan shi ne wanda Kawu Bakatsine yake magana a kai. Akwai wani zaure daban na masu zane, inda kowa ke da ɗan teburinsa, yana sayar da abin da ya zana da hannunsa, kuma yawancinsu ɗalibai ne ko ma'aikatan da ke zane bayan an tashi daga aiki. Akwai ɗakunan tattaunawa a otal-otal ɗin da ke kewaye, inda za ka samu wani yana koyar da yadda ake ɗinka kayan kwaikwayo, wato kayan da ake sawa don a yi kama da jarumin labari, wani yana bayani a kan tarihin Japan, wani yana koyar da gaisuwa da ƙirga da Japananci, wasu kuma suna yi wa masu ɗora murya a fina-finan tambayoyi. Akwai ɗakunan kallo da na wasanni. Daren Juma'a akwai abin da suke kira Nominoichi, wato kasuwar gwanjo da Japananci, inda mahalarta ke kawo tsofaffin littattafansu da kayansu su sayar wa juna da araha. Daren Asabar kuma ake babbar gasar shigar kwaikwayo, wadda alƙalai ke duba har bayan ɗinki, su juya riga su ga yadda aka yi kalmasa.

A 2019 taron ya faɗo cikin azumi. Aikina a ranar Asabar shi ne tsayawa a bakin wata ƙofa ina duba katin da kowa ya rataya a wuya, daga hantsi har la'asar, ga rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara saura. Wata mata da ta yi shigar mayaƙiya, sulkenta na soso ne da aka yi wa fenti har ka rantse ƙarfe ne, ta lura ina ƙin karɓar ruwan da ake rabawa, ta tambaye ni dalili. Da na gaya mata, sai ta tafi, can ta dawo da kujera a hannu ɗaya, garkuwarta a ɗaya hannun. Da magariba mu huɗu Musulmi da muka gane juna a cikin masu aikin muka gangara titin Dixon, inda 'yan Somaliya suke da yawa, muka sha ruwa da shinkafa da naman akuya da ayaba a gefe, kamar yadda suke ci. Don haka batun abincin halal ba matsala ba ce a wannan unguwa, akwai ma masallacin Khalid bin Walid ba da nisa sosai ba.

Malam_Habu_Zariya
Na karanta bayanin Zainabu, kuma na yaba da yadda ta tsara shi, amma ban ga an taɓo abin da ya fi damun uba ba. Wuri ne na cakuɗuwar maza da mata, akwai kiɗa, akwai shigar da ba ta dace ba, kuma ga batun zanen abu mai rai, wanda malamai suka daɗe suna magana a kai. Yarinya 'yar shekara 14 icce ne ɗanye, yadda aka tanƙwara shi haka zai bushe. Ban ce kowa da ke wurin mutumin banza ba ne, amma kujerar da aka kawo wa mai azumi ba ta amsa tambayar abin da idon yarinya zai gani ba.

Zainabu_Etobicoke
Gaskiya ne, Malam, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai masu shigar da ni kaina nake kawar da kai idan na gan su, musamman a filin waje idan rana ta yi zafi. Akwai rawa da kiɗa da daddare. Akwai kuma tattaunawar da aka keɓe wa 'yan shekara 18 zuwa sama, waɗanda ake yi can cikin dare, kuma ba a shiga sai an nuna katin shaida. Abin da zan iya cewa kawai shi ne, abin da za ta gani da rana bai wuce abin da take gani a babban kanti ko a bakin tafkin Ontario da bazara ba, kuma duk abin da ya fi muni yana da lokacinsa da ɗakinsa, wanda ya fita kafin magariba ba zai ci karo da shi ba. Hukuncin zane kuwa na bar wa malamai, ba fagena ba ne.

Dan_Damagaram
Ku ba ni dama in shigo daga ɓangaren masu Faransanci, domin mu wannan abu ba baƙo ba ne a wurinmu ko kaɗan. Faransa ta fara nuna Goldorak a talabijin tun 1978, sannan shirin Club Dorothée, daga 1987 zuwa 1997, ya cika gidaje da Dragon Ball da sauransu, kuma ta nan abin ya gangaro mana. Labarin yaron nan ɗan ƙwallo, Captain Tsubasa, mu da sunan Olive et Tom muka san shi, kuma duk wanda ya buga ƙwallon tsumma a unguwarmu ya taɓa ƙoƙarin kwaikwayon bugunsa ya faɗi a kan bayansa.

Yanzu ina zaune kusa da Faris, kuma na je Japan Expo da ake yi a Villepinte cikin watan Yuli, wanda ke tara mutane sama da 200,000. Wancan kam ya fi kama da abin da Bakatsine ya bayyana: manyan kamfanonin buga littattafai da na wasanni kowa da rumfarsa mai fitilu, hayaniya kamar tashar mota ranar jajibiri. Na kuma je wani ƙaramin taro a wani gari na lardi, a zauren wasanni na makaranta, inda mai sayar da tikiti a ƙofa shi ne kuma ya zo ya gyara lasifika. A ƙaramin na yi hira ta minti 30 da wata mai zane, a babban kuwa ban yi magana da kowa ba sai mai sayar da ruwa. Saboda haka idan ɗiyarka abokai take nema masu son abin da take so, irin taron yanki shi ne wurin, ba babba ba.

Ummu_Omdurman
Dan Damagaram ya tuna mini da yarinta. Mu a Sudan wannan yaron ɗan ƙwallo Kaftin Majid muke kiran sa, kuma sai da na girma na san cewa ba Balarabe ba ne. Grandayza ma da Larabci muka kalle shi. Daga baya tashar Spacetoon ta zo a 2000, da fassarar da ake yi a Dimashƙa cikin Larabci na fusha, har iyaye suna murna yara na koyon harshe. Amma ga abin da nake so Baban Iklima ya lura da shi: waɗancan an tace su kafin su iso gare mu, an yanke wasu wurare, an canza wasu maganganu. Abin da yaranmu ke kallo yau ta intanet babu mai tacewa. Don haka abin dubawa ba taron kwana uku ba ne kaɗai, har da abin da take kallo sauran kwanakin shekara.

Sidi_Nagoya
Hajiya Ummu ta taɓo wuri mai muhimmanci. Kuskuren da iyaye da yawa ke yi shi ne ɗaukar cewa duk zane na yara ne. A Japan ba haka ba ne. Ana raba manga bisa ga masu karatu: shonen na samari ƙanana, shojo na 'yan mata, seinen na manyan maza, josei na manyan mata. Za ka ga magidanci da kwat a jirgin ƙasa yana karanta nasa. Kuma ko a cikin na samari akwai masu zubar da jini sosai. Mafi sauƙi shi ne ka tambaye ta sunan labarin da ta ɗauko alkyabbar daga ciki, ka zauna ku kalli kashi biyu ko uku tare.

Tela_Sabon_Gari
Ni abin da ya ja hankalina a duk maganar nan shi ne alkyabbar. Shekarata 22 a kan keke, kuma na san yaran da iyayensu suka biya kuɗin koyo suka kawo mini, amma wata uku ba su iya zura zare ba, saboda ba ransu ne ya so ba. Yarinyar da ta zauna da kanta ta karya allura biyu ba ta haƙura ba, wannan ta riga ta kama hanyar sana'a. Ka gaya mata, idan yadin mai kauri ne, allurar ce ta yi masa ƙanƙanta, ta nemi mai lamba 16, kuma ta daina jan yadin ta baya da hannu, ta bar keken ya ja da kansa. Ta kuma goge kalmasa da dutsen guga kafin ta bi ta da ɗinki.

Bakano_Na_Asali
To ai wannan shigar kwaikwayon da ake ta zuzutawa, tashe ne kawai na Turawa. Mu ma idan azumi ya kai goma yara suna manna gemun auduga, su cusa tsumma a ciki su yi tumbi, su zama tsoho ko malami ko ɗan kasuwa, su bi gida-gida. Ban ga abin da ya bambanta ba sai tsadar kaya.

Malam_Habu_Zariya
Akwai bambanci, Bakano. Tashe yana da waƙa da amshi, yana da saƙo, yana yi wa marowaci da malalaci da mai ci da rana shaguɓe, kuma a cikin unguwa ake yin sa, kowa ya san ɗan gidan wane ne a bayan gemun. Mai tashe yana kwaikwayon irin mutum ne da al'umma ta sani. Wannan kuwa, yadda na fahimta, kwaikwayon wani takamaiman jarumi ne na labarin da wani ya ƙaga a wata ƙasa, kuma burin shi ne a yi kama da shi sak.

Sidi_Nagoya
Malam Habu ya fi kusa da daidai, sai dai kiran sa na Turawa ko na Japanawa zalla duk bai cika ba. Sanya kayan jaruman labari a taron masoya ya fara ne a Amurka, tun taron masoya labaran ƙagaggen kimiyya da aka yi a New York a 1939. Japanawa suka ɗauka suka raya shi, suka laƙaba masa sunan da duniya ke amfani da shi yanzu, kosfure a bakinsu, a farkon shekarun 1980. A nan Nagoya ake babban taron duniya na wannan shiga kowace shekara tun 2003.

Tunda an kawo kwatance da abin gida, ni wanda na fi gani ya dace ba tashe ba ne, adabin kasuwar Kano ne. A Tokyo akwai Comiket, wanda aka fara a watan Disambar 1975 da ƙungiyoyin masu zane 32 da mutane kimanin 700, yanzu kuma ana yin sa sau biyu a shekara, a Agusta da Disamba, a Tokyo Big Sight, kuma na ƙarshen 2019 ya tara mutane 750,000 cikin kwana huɗu. Abin da ake sayarwa a can littattafai ne da mutane suka rubuta, suka zana, suka kai maɗaba'a da kuɗinsu, suka zo suka zauna a bayan tebur suna miƙa wa mai karatu hannu da hannu. Ba haka marubutanmu na littattafan soyayya suka yi ba a shekarun 1980 da 1990, lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i ba su kula su ba? Wasu daga cikin manyan masu zanen Japan, irin su ƙungiyar mata ta CLAMP, daga irin wannan tebur suka taso. Zauren masu zane da Zainabu ta ambata jikan wannan al'ada ne.

Hafsat_KL
Ina so in amsa wa Malam Habu a kan batun sutura, domin a nan Malesiya an daɗe da samo hanya. A taron Comic Fiesta na Kuala Lumpur za ka ga 'yan mata da yawa sun yi shigar jarumai da hijabinsu. Maimakon gashin kanti, sai su nemi mayafi mai launin gashin jarumar, su naɗe shi su yi masa tukkwaye ko kitso da yadin kansa, su tsawaita hannun riga da siket. A Indonesiya ma haka ake yi. Akwai malaman da ba su gamsu da hakan ba, ba zan ce kowa ya yarda ba, amma dai ya nuna cewa ba dole sai an tuɓe ake shiga wannan harka ba. Alkyabba baƙa har ƙasa kuwa, ai ta fi wasu kayan sallar da muke gani rufe jiki.

Bakatsine_Calgary
Na karɓi gyaran cewa na Japan ne, na gode. Amma har yanzu ina nan a kan bakana game da kuɗi. Daga baya na sassauta na kai ɗan nawa wani ƙaramin taro irin wannan a wani gari, kuma cikin awa ɗaya ya ƙarar da duk abin da ya tara. Wani mutum-mutumin roba da ya saya da tsada, da muka dawo gida muka kwatanta da hoton na ainihi, sai ga fentin ido ya karkace, kwalin ma babu tambarin kamfani. Jabu ne. Yaron ya yini bai ci abinci ba don baƙin ciki. Idan za ka kai ta, ka ba ta kuɗi a hannu daidai abin da kuka yi yarjejeniya, kada ka ba ta kati, kuma ku zagaya zauren gaba ɗaya sau ɗaya kafin ta sayi ko da tsinke.

Auwalu_Mai_Turi
Ina bin wannan muhawara daga Kano, kuma abin da ke raina daban ne. Shagona na tura fina-finai a waya ne, kuma shekarun baya abin da ake nema fassarar Indiya ce da na gida, amma yanzu babu ranar da samari ba sa zuwa neman Naruto ko One Piece, wasu har sun fi ni sanin lambar kashin da suka tsaya. A Legas suna da Lagos Comic Con tun 2012. Me zai hana a samu ko da na yini ɗaya a Kano ko Kaduna, a kira masu zanenmu su baje kolin aikinsu? Akwai yaran da ke zuwa shagona da littafin makaranta cike da zane, wallahi idan ka gani sai ka riƙe baki, amma babu inda za su kai shi.

Malam_Habu_Zariya
Auwalu, idan baje kolin zane da rubutu ne na yaranmu, su zana Bayajida da rijiyar Kusugu ko Sarauniya Amina, a zauna da iyaye da malamai a tsara shi, ba na jin za a samu mai ja. Inda za a samu matsala shi ne a kwaso abin yadda yake a Toronto a dire shi a Kano.

Dan_Damagaram
Sai dai Malam, yaran da Auwalu ke magana a kai ba Bayajida ne ya sa suka ɗauki fensir ba. Idan aka ce sai abin da manya suka zaɓa za su zana, zauren zai cika da manya ne kawai. Mai zane yakan fara da kwaikwayon abin da yake so, daga baya ya juyo gida da kansa.

Baban_Iklima
Na gode ƙwarai, 'yan uwa, ban zaci abin zai yi nisa haka ba. Jiya na bi shawarar Sidi, na zauna mun kalli kashi uku tare. Ban fahimci rabin abin da ke faruwa ba, kuma akwai faɗa fiye da yadda nake so, amma ban taɓa jin yarinyar nan ta yi mini magana mai tsawo irin ta jiya ba, tana dakatar da fim ɗin tana bayyana mini wane ne ɗan'uwan wane, da abin da ya raba su. Maganar Malam Habu tana nan a raina, ban ajiye ta ba, mahaifiyarta ma ra'ayinta ya fi karkata can. Abin da muka tsayar a yanzu shi ne yini ɗaya, ni da ita, mu shiga da safe mu fito kafin magariba, kuma ina tunanin ranar Asabar. Tela, na isar da saƙonka, ta ce a tambaye ka ko jan bakin alkyabbar ana ɗinka shi ne kafin a haɗa kafaɗa ko bayan an haɗa.

Zainabu_Etobicoke
Baba, idan yini ɗaya ne, ka sake tunani a kan Asabar. Ita ce ranar da ta fi kowace cika, akwai shekarun da tikitinta ke ƙarewa tun kafin ranar, kuma gasar da ta sa ake rububinta da daddare ake yi, lokacin kun riga kun tafi. Lahadi ta fi sauƙi ga mai zuwa karon farko, kuma wasu 'yan kasuwa kan rage farashi don kada su koma da kaya. Ku sa takalmin da za ku iya yini a tsaye da shi, ku riƙe gorar ruwa. Idan tana da takobi ko sanda a cikin shigarta, sai an kai wurin masu dubawa sun tabbatar ba mai cutarwa ba ne sun ɗaura masa alama. Ka kuma gaya mata ƙa'idar wurin ce ba a ɗaukar mutum hoto sai an nemi izininsa, kuma tana da damar cewa a'a.

Maman_Sadik
Ni kuma ina ganin Asabar ɗin ta fi, ko da cunkoso. Yarinyar da ta yi wata biyar tana ɗinki so take a gan ta a ranar da kowa ya sa nasa. Ranar Lahadi rabin mutane sun gaji sun koma kayan gida.

Tela_Sabon_Gari
Bayan an haɗa kafaɗa, domin bakin ya zagaya wuya ya sauko gaba biyu a tafi ɗaya, babu gaɓa a kan kafaɗa. Ta yanka jan yadin a karkace, ba a miƙe ba, in ba haka ba zai tattare a wuya. Kuma tunda an ce wurin akwai turmutsutsu, ta ɗage tsawon ya tsaya a idon sawu, kada wani ya taka mata ta baya. Ta turo hoton wuyan kafin ta ɗinka in duba.